'Yan Fim, Ku Daina Yi Wa Kwanon Kakanninmu Ƙarya

Mai karatu, a wannan watan na ajiye maganar rawa da waƙa, na ajiye rikicin furodusoshi da 'yan kasuwa, domin waɗannan an tattauna su har an gaji. A kan kwano zan yi faɗa. E, kwano dai, wanda ake zuba tuwo a ciki. Na san wani zai ce, "Kai kuwa, duk matsalolin da suka dabaibaye industiri ba ka ga abin magana ba sai kwanon tuwo?" To ka yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe, in ka ga ba ni da gaskiya, filin wasiƙu a buɗe yake.

Abin da nake so ka yi, duk ranar da ka zauna kallon fim ɗin Hausa, ka ɗauke idonka daga fuskar jaruma na ɗan lokaci, ka dubi abin da aka kawo abinci a ciki. Za a ce maka labarin nan ya faru tun kafin zuwan Turawa. Ga sarki a fada, ga dogarai, ga dawaki an sha ado, an ɗinka manyan riguna an naɗa rawuna. Sai ka ga kuyanga ta shigo da sallama ɗauke da kular roba, ko farantin silba mai ƙyalli irin wanda ake rabawa a wajen biki, wani sa'in har da ragowar takardar kamfani manne a gindinsa. Ko kuma a ce maka ana zamanin Gowon ne, a shiga ɗakin amarya, ka tarar da fulas da tangaran ɗin Dubai jere a kabad. Wallahi wani lokaci sai ka rasa dariya za ka yi ko kuka.

Wannan ita ce ƙarya ta farko. Ta biyu ta fi ta ciwo. Duk sanda darakta ya so nuna maka cewa gidan nan na matsiyata ne, ko yarinyar nan baƙauya ce, sai ya aika a nemo masa tsohuwar langa mai ɓantararren baki, a zuba tuwo a dangwarar a ƙasa. Shi ke nan, an gama bayani. Sama da shekara talatin, tun daga Turmin Danya a 1990, ana cusa wa mai kallo cewa langa da kwalla da akushi alamar talauci ne, kula da tangaran kuma alamar wayewa. Yaron da ya tashi da wannan kallon, ranar da ya shiga ɗakin kakarsa ya ga jerenta, me kake zaton zai gani? Tarkace zai gani. Alhali kuwa a zamanin da aka yi wa tsohuwar nan jere, kwallar da yake rainawa sai 'yar wane da wane.

Bari mu dawo gida Sakkwato, in nuna maka cewa ɗakin tsohuwa littafi ne, ga wanda ya iya karatunsa.

Shafin farko shi ne ƙwarya da akushi da tukunyar ƙasa. Ƙwaryar fura da luddai, masaki na awo da na wanki, ƙoƙo na shan ruwa, faifai na rufi, baƙin akushi na tuwon maigida. Kowane da aikinsa, kowane da matsayinsa, har Bahaushe ya ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Wanda bai taɓa ɗaga akushi ya ji nauyinsa ba, ta yaya zai gane wannan karin maganar? Ginin tukwane kuwa tsohuwar sana'a ce a garin nan, har wani Bature mai suna Nicholson ya yi rubutu a 1929 a kan maginan Sakkwato, Adarawa da Zoromawa, da yadda kowannensu ke gina tasa tukunyar. Yau ma in ka sauka kasuwar Kara za ka samu ƙorai da tuluna da randuna. Ke nan furodusan da ya ce bai samu kayan da zai yi fim ɗin gargajiya ba, bai nema ba ne.

Shafi na biyu shi ne tasa, kwanon ƙarfe da na tagulla, wanda fatake ke kawowa daga ƙasar Nufe da wasu wurare masu nisa. A nan akwai wani labari da ya kamata kowane ɗan Sakkwato ya sani. A 1824, shekara goma sha biyar kacal da kafa birnin nan, Baturen Birtaniya Clapperton ya sauka wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A cikin labarin tafiyarsa ya faɗi cewa abincin da ake aiko masa daga gidan Sarki a cikin kwanonin ƙarfe ake kawo shi, masu ɗauke da hatimin birnin Landan, har wata rana aka kawo masa nama a cikin wani farin daro ƙirar Ingila. Ka ji fa! Kusan shekara tamanin kafin yaƙin Giginya na 1903, kwanon Landan ya riga sojan Landan isowa Sakkwato. Kwano ɗaya ya ba ka labarin hanyoyin fatauci, ya nuna maka cewa Daular nan ba a rufe take ba, tana cuɗanya da duniya tun kafin a zo a ce wai an buɗe mata ido. Da a ce darakta ya yi bincike ya sa irin wannan kwanon a fim ɗin zamanin Bello, ni ne zan fara tafa masa. Amma kular roba? Haba jama'a!

Shafi na uku shi ne na kwalla da langa da fanteka da kumbo, wato kwanonin fenti. Asalinsu ƙarfe ne ake shafa masa garin gilashi a gasa a wuta har ya narke ya lulluɓe shi, shi ya sa in kwanon ya faɗi sai wurin ya ɓantare ya yi baƙi. Kantunan Turawa ne suka fara shigo da su. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba, iyakarsa Gusau da Ƙauran Namoda tun 1929, saboda haka kwallar da ka gani ta wancan zamanin ta sha teku, ta sha dogo, sannan ta hau mota ko bayan jaki kafin ta iso ɗakin amarya a Gidaɗawa ko Marina. Ka kifa ɗaya ka duba gindinta. Wata za ka ga an rubuta Hong Kong, wata Sin, wata kuma Czechoslovakia, ƙasar da ta rabu gida biyu tun farkon 1993. Ƙasar da ta ƙera kwanon ta mutu, kwanon yana nan da furanninsa a ɗakin Inna. Daga 1960 aka fara kafa masana'antun kwanon fenti a Nijeriya, a Ikeja da kuma Kano, sai kwalla ta wadata, talaka ma ya samu ta jera wa 'yarsa.

Daga nan sai shafin kuɗin man fetur da Udoji a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da jere ya haura har rufin ɗaki, alhazai suka yawaita, tsarabar Makka ta shigo gidaje: butar shayi, 'yan kofunan zamzam, faranti mai hoton Ka'aba da ake jinginawa a bango ba a cin abinci a kai. Samira ta zo ta yi nata yayin. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, Naira ta faɗi, masana'antu suka fara tari, roba da kula suka mamaye kasuwa. To ka gani, wanda ya san kwano, in ya shiga ɗakin mace ya dubi jerenta, zai iya gaya maka kusan zamanin da aka yi aurenta da kuma ƙarfin gidan da ta fito, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Tarihin Sakkwato da muke alfahari da shi, yawancinsa na malamai ne da sarakuna da waziri, domin su suka yi rubutu. In ka cire Nana Asma'u da ire-irenta, ina matan garin nan suka bar nasu labarin? Macen da ta yi shekara hamsin tana daka da surfe da sayar da fura a cikin kulle ba ta bar littafi ba, jere ta bari. Kuma jeren nan dukiyarta ce ta kanta, wadda miji ba shi da iko da ita. Shi ne bankinta tun kafin a san asusun mata. Da kuɗin ƙuli-ƙuli da adashi uwa ke sayen kwalla ɗaya-ɗaya tana ɓoyewa ƙarƙashin gado tun 'yarta na goye. In fari ya zo, irin na 1973 ko na 1984, ko ciwo ya kama yaro, ko maigida ya shiga wani hali, sai ta zare ɗaya ta ba dillaliya, a rufa asiri ba wanda ya ji. In aure ya mutu, da kayanta take fita. Ka tambayi kowace tsohuwa, za ta nuna maka wadda gwaggonta ta ba ta, da wadda ta zo cikin gara, da gurbin wadda aka sayar shekarar yunwa. Wannan fa shi ne abin da 'yan fim suka mayar abin nuna tsiya.

Yanzu ina kayan nan suke tafiya? Kai ma ka sani. Tsohuwa ta rasu, an yi addu'ar uku, an zo rabon gado. A raba gida, a raba gona, a raba zinari in akwai. Da an zo kan jere sai ka ji wata jika ta ce, "Mi za mu yi da wanga tarkace? Ku ba 'yan gwangwan." Kafin sati ya zagayo mai kura ya zo da sikelinsa, an ɗora fantekar da ta girmi Nijeriya an auna ta da kilo kamar ruɓaɓɓen kwanon rufi, ko a musanya ta da bokitin roba wanda ba zai ga damina biyu ba. Daga nan sai tukunyar narka ƙarfe. Littafi in ya ɓace ana iya samun kwafinsa wajen wani malami. Kwallar da aka narke kuwa ta tafi ke nan, ita da labarin da ke tare da ita.

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su a lokeshan da majalisun 'yan fim.

Na farko su ce babu kuɗi. Wannan ita ce waƙar da ba ta tsufa a industiri. To amma akwai kuɗin hayar gidan bene a unguwar masu hali, akwai na jera motoci biyar a ƙofar gida, akwai na canza wa jaruma leshi bakwai a waƙa ɗaya. Nawa ne kuɗin aron langa? Sallama ce kawai da ladabi. Ka shiga kowane tsohon gida a cikin gari ka gaida tsohuwa, ka gaya mata abin da kake so, wallahi har labarin yadda ake jerawa za ta ba ka kyauta, ta ƙara maka da addu'a. Abin da ya yi ƙaranci a wajenmu shi ne kula da aiki, da yarda cewa akwai abin da ba mu sani ba. An ɗauki ɗan'uwan furodusa an ce shi ne mai kula da kayan aiki, ranar ɗauka ya ruga gidansu ya kwaso abin da ya samu a kicin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu su ce mai kallo bai damu ba, labari yake bi. Wa ya gaya maku? Iyayenmu mata su ne manyan masu kallon finafinan nan tun zamanin kaset, kuma su suka fi kowa sanin kwano. Zauna kusa da su ka ji yadda suke tsaki. Shirun da suke yi don ba su da inda za su kai ƙara ne. Sannan ko da a ce ba wanda ya lura yau, gobe fa? Ku dubi fim ɗin Shehu Umar da marigayi Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano faifansa a wani tsohon ginin hukumar finafinai a Legas, aka gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Balin a Jamus a 2018. Masu kallonsa yanzu, bayan labarin, suna duban sutura da gini da kayan gida, suna cewa ashe haka mutanen nan suka rayu. Fim in ya tsufa shaida yake zama. Nan da shekara hamsin jikokinmu za su buɗe YouTube, ko abin da ya gaje shi, su ga kuyangar sarki da kular roba, su ɗauka gaskiya ne. Wa ya yi masu ƙaryar? Mu.

Kuma tunda Indiya muka mayar alƙibla, me ya sa rawar kawai muka ɗauko? Ku sake kallon Lagaan na 2001, wanda labarinsa ya faru a 1893. Ƙauye guda suka gina don fim ɗin, ku duba tulunan da matan ke ɗauka. Ku kalli wurin walima a Jodhaa Akbar na 2008, ku nemo mani roba ɗaya a ciki. Su sun san cewa abin da ke hannun ɗan wasa yana magana kamar yadda bakinsa ke yi. Mun kwaso girgiza kafaɗa, mun bar masu binciken.

Na uku, kuma wannan ita ce hujjar masu ilimi a cikinsu, su ce ai kwalla ba tamu ba ce, kayan Turawa ce, don me za a kira ta al'ada? To shayi namu ne? Atamfa tamu ce? Agogon da ke hannun liman fa? Abu yana zama naka ne ta yadda ka sarrafa shi. Wanda ya ƙera kwalla a Turai don wanke-wanke ya yi ta, bai taɓa mafarkin za a jera hamsin a bango, babba a ƙasa ƙarama a sama, a goge su duk Juma'a, a mayar da su ado da asusu da takardar shaidar gata ba. Matanmu suka yi wannan, su suka raɗa wa kowane iri suna. Wata Bajamushiya, Editha Platte, ta zauna ta yi nazarin kwanonin fenti da na roba a ɗakunan matan Barebari, ta buga a 2004. Ta taso tun daga Jamus don abin da mu muke ba mai kura. In ba mu yi hankali ba, wata rana sai ɗan Sakkwato ya nemi biza kafin ya ga irin jeren kakarsa.

Akwai masu cewa kuma, ai wannan jeren shi ne asalin wahalar kayan ɗaki da ta hana 'ya'yan talakawa aure, gara ma ya ɓace. Gaskiya ne gasar kayan ɗaki ta zama masifa, kuma malamai sun yi ta faɗa a kai. Amma ni ban ce a koma jera wa amarya kwalla ɗari ba. Cewa na yi wadda ta rage a adana ta, a kuma faɗi gaskiya a kanta. Gasar ma ai ba ta mutu da kwalla ba, ta koma kan kujerun waje da firji da injin wanki, kuma finafinanmu ne kan gaba wajen rura ta.

Marubuta littattafai, kada ku yi dariya, ku ma kuna ciki. Marubuciya za ta ci shafi uku tana lissafa abin da ke ɗakin amarya, gado daga Italiya, labule daga Turkiyya, kwanuka daga Dubai, har da sunan turaren da ke kan madubi. Amma in jarumar ta je gaida kakarta, sai a ce "ta shiga ɗan akurkin ɗakin tsohuwar," shi ke nan an wuce. Ɗakin da ya fi kowane ɗaki labari a littafin, shi aka ba layi ɗaya. Da za ki zauna da kakarki yini guda ki tambaye ta tarihin kowane kwano, wa ya saya, da kuɗin me, wace kishiya ta yi hassadarsa, wanne aka jinginar ba a karɓo ba, na rantse sai kin samu littafi mai juzu'i uku wanda ba ki kwaikwayo daga kowane fim ɗin Indiya ba.

To me nake nema? Abu ne mai sauƙi. Duk furodusan da zai yi fim a kan wani zamani da ya wuce, ya ware mutum ɗaya wanda aikinsa shi ne binciken kayan gida, kuma ya sa tsohuwa ɗaya cikin masu ba shi shawara, ya biya ta, ya rubuta sunanta a ƙarshen fim. 'Yan fim ɗin Sakkwato, ku da kuke kukan cewa Kano ta danne ku, ga inda za ku fi kowa, tunda Gidan Tarihi na Waziri Junaidu yana nan cikin garinku, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan da malaman Hausa da na tarihi, tsofaffin gidaje kuma suna kewaye da Hubbare. Su ma waɗannan cibiyoyi ina roƙonsu, yadda ake tattara takardun malamai da kayan yaƙi, a ware ɗaki guda a yi jere cikakke irin na matan garin nan, kowane kwano da sunansa da zamaninsa da sunan mai shi, in iyalanta sun yarda. Ɗalibai masu neman abin rubuta kundin digiri, ga aiki nan yana jiran ku tun masu ba da labarin suna raye.

Kai kuma mai karatu, naka aikin ya fi na kowa sauƙi. In akwai tsohuwa a gidanku, je ka gaishe ta a makon nan. Ka ce ta sauko maka da kwalla ɗaya. Ka kifa ta ka karanta gindinta, ka tambayi labarinta, ka ɗauki hoto da wayar nan da kake kallon fim da ita, ka rubuta abin da ta gaya maka. In ranar rabon gado ta zo, Allah ya sa da nisa, ka ce a bar maka ko da langa ɗaya ce a cikin rabonka. Za a yi maka dariya, ka ƙyale su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Su kuma 'yan'uwana daraktoci, na faɗa maku tun yanzu: daga wannan watan, duk fim ɗin tarihin da ya zo hannuna don sharhi, kafin in duba jarumi sai na duba kwano. Wanda ya kyauta zan yaba masa da sunansa. Wanda kuma ya sake miƙa wa sarkin zamanin da tuwo a kular roba, to kada ya ga laifina. Allah ya sa mu gyara.